Farfelar Likita

Wani likitan haƙori ya ɗaure sabuwar farfelar da ya sayo daga ƙasar waje a hancin jirgin saman da ya shekara shida yana haɗawa a garejinsa na birnin Kordoba, sannan ya dubi tsohon masassaƙin da ya sassaƙa masa farfelar farko.

"Baba, taka ta katako na rataye ta a falo. Ka ga kyan da ta yi da agogo a tsakiya?"

Abokan Likita suka kwashe da dariya. Tsohon ya zuƙi shayinsa na ganyen mate. Kafin ya sassaƙa waccan farfelar sai da ya tsuguna ya ga yadda injin ke juyawa. Injin tsohuwar mota ne, hagu yake juyawa. Wannan ta kantin kuwa don mai juyawa dama aka ƙera ta. Likita tsadarta kawai ya duba.

Da aka turo jirgin fili don bikin gwaji, tsohon ya ja kujerarsa ya dasa a tsakiyar filin, daidai gaban jirgin.

"Baba, ka gaji da duniya ne?"

"Nan ne kaɗai ba za ka biyo ba, ranka ya daɗe."

Likita ya hau jirgin ya ba injin wuta. Iska ta feso gaba, jirgin ya zame da baya kamar saniyar da ta ga mahauci, har jelarsa ta kifar da naman bikin da ke kan garwashi.

Tsohon ya buɗe maɓallin rigarsa, ya lumshe ido.

"Fankar ta yi, Likita. Ƙara mata wuta, yau ana zafi."