Garmahon Mai Bishara

Garmahon ya ɓace. Mai bishara ya birkice ɗakinsa, ya zaga ƙauyen Maguzawan nan na bayan Wurma yana tambaya gida-gida. Daga Dutsin-Ma ya ɗauko shi a keke, da shi yake tara jama'a su ji faifan wa'azi.

Ga kuma tambayar wata tsohuwa da ke cinsa tun jiya. Ta tare shi bakin majami'a ta ce, "Malam, maigidana ya rasu tun ba ku zo ba. Wanda bai taɓa jin labarin Yesu ba, ina za shi?"

Ya yi ta kame-kame. "Iya, Allah mai adalci ne. Amma dai sai an ji ake ba da gaskiya."

Da la'asar ya jiyo muryar faifan daga bayan gari. Ya bi ta da gudu har makabarta.

Tsohuwar ce durƙushe, ta kara garmahon jikin wani tsohon kabari, tana ta murɗa mariƙinsa.

"Yauwa, Malam, zo ka murɗa mini, na gaji. Ka sa ya yi ƙara. Tun yana da rai kunnensa da nauyi."