Katin Maci Amana

Makaniki ya doki teburi har 'ya'yan wasa suka watse.

"Kai ne maci amanar, munafuki!" ya daka wa ƙanensa tsawa. "Gara wasan jiragen sararin samaniya, can maƙiyi ido da ido yake harbinka!"

A wasan kogon dodanni da suke yi kowa yana da jarumi da katin sirri, ɗaya na maci amana ne, shi ke ci in jaruman suka mutu. Ƙanen ya yi ta rantsuwa, amma Makaniki ya tilasta wa sauran suka kashe jarumin ƙanen. Nan take dodo ya cinye ragowar.

"Kowa ya buɗe katinsa," in ji Tela, abokin wasansu.

Na Makaniki yana kife, garin masifa bai ma duba ba. Ya juya shi.

"Barka, Yaya," in ji ƙanen, yana neman takalminsa. "Kai kaɗai ka ci."