Tambarin Roba

Bugu na biyu da na kai da sifana ya fasa wa maƙwabcina baki, a gaban tsohuwar motarsa ta tsere.

"Kai ka banke 'yata ka gudu!" Na jefa masa tambarin motar da na tsinta a titi, kusa da jininta.

Ya tofar da haƙori, ya ƙwanƙwasa tambarin a siminti. Babu ƙarar ƙarfe.

"Roba ce, mahaukaci! Tawa fitowar farko ce, tambarinta ƙarfe ne. Daga baya suka koma roba. Duk garin nan na Numazu mota ɗaya ke da irin wannan."

Ni na saya wa ɗana ita bara. Tun safe bai ɗaga wayata ba, garejinmu kuma a kulle yake ta ciki.