Direban da Yake Zuwa Ranar da Ba Tasa Ba

Kujeru takwas ne a ɗakin ƙarin ruwan masu ciwon daji, kuma kafin zuwan wata ma'aikaciyar jinya da ake kira Sista, kullum sai an ga biyu ko uku babu kowa a kai. Magani ne da in an haɗa shi da safe ba ya kwana. Wanda bai zo ba, a zubar da nasa, ya jira sai layi ya sake zagayowa kansa, ciwon kuwa ba ya jiran kowa.

Sista ce ta kawo gyara. Ana gobe ranar mutum sai ta kira shi da wayar ɗakin. In bai ɗauka ba ta nemi matarsa, ko ɗansa, ko maƙwabci. Cikin wata uku kujerun suka cika, har likita yana kafa misali da ita a taro.

Mutum ɗaya ne ya gagara, wani tsohon direban babbar mota da ciwon ya kama wa hanji. Shi kaɗai yake zuwa, bai iya karatu ba, katinsa ya naɗe a aljihu har ya yi laushi. In ranarsa Talata ce, sai ya bayyana Laraba da sassafe, ya yi wanka, ya sa riga mai guga.

"Yarinyar da ta kira ni Laraba ta ce," in ji shi.

Likita ya buɗe rajista. Talata ce a rubuce, da kyakkyawan rubutun Sista.

Sau huɗu ana haka. A na uku likita ya yi masa faɗa a gaban mutane, ya ce akwai masu roƙon kujerar da yake wasa da ita. Masu shara suka laƙaba masa Baba Gobe. Wasu suka ce ciwon ya fara taɓa masa kai, har shi ma ya soma yarda.

Sista ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Takan gyara takunkumin fuskarta, ta jawo masa benci, ta ba shi ruwa, ta tsaya tana kallo har ya shanye. Shi kuma ya yi ta sa mata albarka, yana cewa iyayenta sun yi dace.

Da aka sake ɗaukar hotonsa, ciwon ya kai hanta. Likita ya rufe fayil, ya ce ƙarin ruwa ba zai ƙara masa komai ba, gara ya koma gida. Tsohon ya daɗe zaune yana murza katin. Sista ce ta riƙe masa hannu har bakin titi, ta tsayar masa da mota.

Da ta tashi aiki ta wuce shagon ɗinkin yayarta. Yayar ta ɗaga ƙafa daga keken, tana dubanta.

"An sallame shi," in ji Sista. "Likita ya ce da wuya ya kai wata biyu."

"Har yanzu bai gane ki ba?"

"Yaya, wanda ya ajiye Mama a bencin asibiti ya ce zai je ya dawo da magani, ya shekara ashirin da shida bai waiwayo ba, ina zai gane muryar autarsa a waya tana ce masa Laraba?"