Mai Awon Auduga da Kuɗin Fanshonsa

Malam Sabi'u, tunda ka ce za ka sauya wa kuɗin fanshonka kamfani, ajiye takardar nan tukuna in ba ka wani misali. Ba daɗin ba da shi nake ji ba, amma gara ka ji kafin ka sa hannu.

An yi wani mai awo a kamfanin auduga, shekara talatin da ɗaya yana tsaye gaban sikeli. Ƙa'idarsa ɗaya ce, ba ya sa hannu a kan buhun da bai ɗora da kansa ya ga nauyinsa ba. Ko manaja ne ya aiko da takarda, sai an sauke an sake awo. Manoma na yabonsa, direbobi na zaginsa, shi ko a jikinsa. Duk wata ana yankar wani abu daga albashinsa a zuba masa a asusun fansho, burinsa kuwa bai wuce ya tsufa ba tare da ya miƙa wa 'ya'yansa hannu ba. Saura masa shekara biyu ya ajiye aiki kamfanin ya durƙushe, aka ce kowa ya mayar da ajiyarsa wani kamfanin fansho. Ma'aikaciyar da ya tarar a ofishin fansho ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce a ƙa'idarsu, in kuɗin suka tashi daga wannan asusu suka faɗa wancan kai tsaye, ba ruwansu da haraji. In kuwa suka biyo ta hannunsa, ko na kwana ɗaya ne, za a ɗauka ya cire su tun lokaci bai yi ba, hukuma ta yanki rabonta. Ya ce shi bai taɓa jin inda dukiya ta yi tafiya ba ɗan rakiya ba. Ta maimaita. Har ta juyo takardar ta nuna masa layin da biro, ta ce, "Baba, don Allah ka bari su wuce, kada ka taɓa su." Ya ce gumin shekara talatin ba a sallama shi a kan takarda, sai ya gani da idonsa, ya ƙirga da hannunsa.

Aka tura masa banki, ya je ya karɓo. Ya baje su a kan tabarma ya ƙirga sau uku, sau ukun nan kashi ɗaya cikin biyar babu. Kada ka ce ɓarna ya yi. Bai ƙara aure ba, bai yi biki ba, ko goro bai saya a ciki ba. Bayan kwana uku ya kai su sabon kamfanin cif yadda ya karɓo, ya ce ga su nan ya dawo da su, a mayar masa da abin da aka yanka. Aka ce ai abin da ya shiga aljihun hukuma ya shiga. Wata bakwai yana zaga ofisoshi da takardunsa a leda, kowa ya duba sai ya ce, wannan ba sa hannunka ba ne? Abin da ya fi ci mini rai shi ne, manyan da suka cinye kamfanin sun san ƙa'idar nan sarai, nasu kuɗin sun wuce salin-alin ba a taɓa ko kwabo ba. Mutumin da bai taɓa tauye wa manomi ko kilo ɗaya ba, shi aka aske.

Yanzu abin da ake ba shi a wata ba ya wuce ranar ashirin. Daga nan sai ya kira babban ɗansa a waya, ya gaishe shi, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwa, ya kasa faɗin abin da ya sa ya kira. Ɗan ya riga ya san ma'anar doguwar gaisuwar, sai ya ce, "To Baba, zan turo." Tsohon ya yi godiya, ya kashe wayar.

Don haka koma ka tambayi ta inda naka za su bi, in an ce kada ka taɓa, to naɗe hannunka. Hausawa sun ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.