Tsagar Da Magini Bai Yaɓe Ba

Kai da kake ce mini ba za ka sabunta komai a wayarka ba tunda tana aiki lafiya lau, gyara zama ka ji labarin wani magini. Dattijo ne, ginin ƙasa ya iya, irin mutanen nan da in suka shafa bango da tafin hannu za su faɗa maka ko zai kai kaka. Da bazara ta fara haɗa hadari, ba ya barin kowa ya sha ruwa a unguwa: wane, katangarka ta buɗe baki, a kwaɓa ƙasa a yaɓe tun ruwa bai sauka ba. Har tsokanarsa ake yi wai ko a mafarki tsaga yake nema. To, matarsa Hurera ta riga mu gidan gaskiya, kuma abin da ya fi ƙauna cikin abin da ta bari yana cikin wata 'yar waya mai fasasshen gilashi. Saƙonnin muryarta ne. Ba wata magana ce mai nauyi ba. "Malam, in za ka taho ka biyo mana da daddawa." Ko kuma, "Malam, hadari fa ya taso, ka sauko daga kan ginin nan." In kewa ta ishe shi, sai ya zauna a zaure bayan la'asar ya kara wayar a kunne, ya ji ta har da ɗan tarinta da kukan akuyarsu a bayan maganar. Wallahi ko ni ne, ba zan so ƙuda ya sauka a kan wayar nan ba.

Ana nan sai manhajar da yake shiga intanet da ita, wadda ake ce wa burauza, ta fara damunsa. Duk sa'ad da ya buɗe ta don ya duba hasashen ruwan sama, sai ta ce a sabunta ta, an gano wata kafa da miyagu ke bi, an kuma toshe. Bawan Allah ya kai maganar teburin mai shayi, inda kowa gwani ne. Wannan ya ce cin data ne kawai. Wancan ya ce dabara ce ta masu ƙera waya, su nauyaya maka tsohuwa ka sayi sabuwa. Wani ya ce tun farko burauzar ce ba ta da kirki, tasa ta fi sauri, aka kaure da musu a kan haka har shayi ya huce. Can sai wani direba ya ce ai surukinsa ya taɓa sabuntawa, da gari ya waye ko hoto ɗaya bai tarar ba. Ko gaskiya ne ko shaci-faɗi, oho. Magini dai duk sauran maganganun ta bayan kunnensa suka bi, wannan ɗaya ce ta zauna masa a ƙirji. Daga ranar, in saƙon ya fito sai ya danna "anjima" da sauri. Damina ta wuce, rani ya wuce, anjima ba ta zo ba. Shi a ganinsa Hurera yake karewa.

Rannan wani abokinsa ya turo masa saƙo wai ana rabon tallafi ga masu sana'ar hannu, a danna nan a shiga. Abokin ma bai san an tura da sunansa ba. Magini ya danna, shafi ya buɗe, bai ga komai ba, ya mayar da waya aljihu ya hau gini. Kafin azahar wayar ta ɗauki zafi kamar dutsen guga. Mutane suka fara tare shi a hanya suna tambayar wane irin saƙo ne yake aiko musu. Kafin ya gane kan abin, wayar ta kulle ƙam, ta ƙi jin yatsansa. Ya nufi kasuwa wurin mai gyara, ƙafafunsa duk laka. Mai gyaran ya yi iya yinsa, Allah ya sani, ya jona nan ya jona can, sannan ya ɗago ya ce, "Baba, ta tsohuwar burauzar nan miyagu suka shigo, kuma sun dagula duk abin da ke ciki. Wayar za ta tashi, amma sai an wanke ta tas. Kun taɓa kwafe muryoyin a wani wuri?" Ina fa. Wa ya gaya masa ana yin haka? Magini ya dubi wayar. A hankali ya ce, "Ashe yaɓe suke ta kirana in yi."

An ba shi wayarsa tana sheƙi, sauri kamar me, ba komai a cikinta. La'asar ta yi, ya zauna a zaure, hannunsa ya kai ta kunne don sabo kafin ya tuna. A waje hadari ya taso, iska na kaɗa ƙyauren gidan, kuma babu mai ce masa ya sauko. Ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar jana'iza.

Ni ban ga wautarsa ba, ƙauna ce ta rufe masa ido, kuma da a ce ya tambayi wanda ya sani maimakon teburin shayi, da an kwafe masa muryoyin an yi yaɓen hankali kwance. Amma ɓarawo ba ya tambayar dalilin da ya sa ka bar kafa a buɗe. Kai ma je ka duba taka, don Hausawa sun riga sun faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.