Gishirin da Tsoho Ya Ƙi Wankewa

Ranar Talata, sha ɗaya ga Afrilu, gari ya waye babu gajimare ko ɗaya, rana ta fito da zafinta tun kafin hantsi. A ranar ce wata injiniya ta gama kafa inji a ƙauyensu, inda duk rijiyar da aka haƙa ruwan zartsi take bayarwa. Farantai ne masu shan hasken rana su ba da lantarki. Ruwan zartsin yana bi ta bayansu yana sanyaya su, zafin da ya kwasa ya mai da shi tururi, tururin ya huce ya ɗigo ruwan daɗi. Gishirin kuwa a wani tire yake saura. Ta damƙa tsaron injin ga mahaifinta, tsohon da ya shekara arba'in yana dafa gishiri. Matarsa ta rasu, 'yar nan kaɗai ta rage masa. Da za ta koma birni ta ce, "Baba, kullum da safe a wanke gishirin nan a zubar, kada ya kwana." Ya ce, "Gishiri za ki koya mini? Da shi na raine ki."

A sana'arsa tururi ake bari ya tafi, gishiri ake riƙewa, kuma ba a taɓa shi sai ya ƙosa. Hannunsa ya ƙi zubar da abin da ya saba tarawa. Ya bar shi yana kauri, fari fat, yana leƙa shi kamar manomi a gonarsa. Sau biyu 'yar ta kira tana tambaya, ya ce lafiya lau. A hankali gishiri ya toshe hanyar ruwa. Famfon da ke cika jarkoki kafin azahar ya koma ɗiga, farantan suka yi zafi har ba sa taɓuwa, wata rana injin ya tsaya cik. Matan da ke layi suna tsokanarsa da "angon gishiri" suka koma rijiyar zartsi, 'ya'yansu suka fara ciwon ciki. Masu kawo cajin waya suka daina zuwa. Babu wanda ya zage shi, sallama ce kawai ta ɗauke daga ƙofarsa. Wayarsa ma ta mutu don rashin caji, ta tafi da muryar 'yarsa.

Kwana tara yana zaune a inuwar farantan, daga shi sai tarin gishirinsa. A na goma ya ɗauko tawada ya rubuta wa 'yarsa wasiƙa da ajami: "Ban wanke ba. Ki zo." Ya yi tafiyar yini zuwa garin da ke da gidan waya. Da ya so, da ya ari waya a can ya kira ta, amma ya san bakinsa ba zai iya faɗa ba. Ya daɗe tsaye a gaban akwatin, sannan ya jefa wasiƙar.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, in ka ƙi ji, ba ka ƙi gani ba.